Hotunan da Kawu Ya Sa Ni Ɗauka

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, malamin makaranta ne. A shekarun da aka shiga tsuke bakin aljihu, gwamnati ta tura shi da wasu malamai koyarwa a wata ƙasa da ruwa ya kewaye gaba da baya, can cikin tekun da ke gabas da Afirka. Shekara biyu ya yi. Ranar da ya dawo Gwarzo zaurensa ya cika da 'yan sannu da zuwa, baki na gaisuwa, ido na kan akwatuna. Wasu sun sa ran rediyo, wasu agogo, a cikin gida kuma mata na raɗe-raɗin keken ɗinki. Da aka buɗe babban akwatin, sai aka tarar littafi ɗaya ya cinye rabinsa, wani ƙato mai nauyin bulo, an naɗe shi da tawul kamar jariri.

Littafin hotuna ne na ƙasar da ya je. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Takardarsa santsi kamar tangaran. Ga teku shuɗi kamar an zuba masa bula, ga masunta na jan koma da sassafe, ga mata Indiyawa a gonar rake, ga wani tsoho ɗan Sin zaune a ƙofar kantinsa, ga baƙaƙe irinmu suna kaɗa ganga a bakin ruwa. A wannan shafi masallaci fari fat, a na gaba coci, a na gabansa ɗakin bauta cike da gumaka masu launi. Kowa a cikin littafin dariya yake yi, kamar ba a taɓa yi masa rasuwa ba.

Ni a lokacin ina da ɗan shagon hoto kusa da tasha. Aikina fasfo ne na 'yan makaranta da maniyyata, sai biki da suna in Allah ya kawo. Kawu ne ya kama hannuna tun ina saurayi ya kai ni Kano wurin wanda ya koya mini sana'ar, don haka duk abin da ya ce in yi ba ni da bakin musu. Asalin wahalata ke nan.

Sati biyu da dawowarsa ya shigo shagon da littafin a hammata. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa, ya ture takardun da ke kan teburina ya shimfiɗa shi.

Ya ce, “Ɗana, ka ga ƙasar nan? In ka hau babur da hantsi, kafin azahar ka ratsa ta ka faɗa ruwa. Amma dubi yadda suka nuna wa duniya kansu. Mu fa? Wa ya taɓa buɗe littafi ya ga Kabo? Wa ya san akwai wani wuri wai shi Durun?”

Na ce, “Mutanen Durun sun sani, Kawu.”

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Namu za mu yi. Gwarzo da Kabo, ƙasarsu da mutanensu da al'adunsu. Kai ka ɗauka, ni in rubuta bayani.”

A shekarun nan fim ya zama kamar nama a miyar talaka. A da kwali-kwali nake ɗaukowa, na koma ɗaya-ɗaya, shi ma sai na zaga rabin Kano kafin in samu. Kafin in danna kyamara sai na yi bisimilla sau biyu, don in mutum ya ƙifta ido an yi asara. Na zauna na yi wa Kawu wannan bayani dalla-dalla. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ai su ma can da fim suka yi nasu. Ka shirya ranar Asabar.”

Yinin Juma'a, ban da lokacin masallaci, a layin mai na yi shi da babur ɗinsa. Asabar da safe muka kama hanyar wani dam da ke wajen Kabo, shi a gaba yana tuƙi, ni a baya, kyamara a wuya, littafin a kan cinyata cikin buhun taki. Tuƙin Kawu abin a yi haƙuri ne. Masu keke suna wuce mu suna yi mana sannu, kuma duk maganar da za ta fito daga bakinsa sai ya waiwayo ya kalle ni ya faɗe ta, babur na neman gonar mutane.

Damina ce, ruwa ya kwaso jar ƙasa ya zuba a dam, ya koma launin kunun kanwa. Kawu ya tsaya a bakin ruwa ya buɗe littafi. Ya dubi teku, ya dubi dam, ya sake duban teku.

Ya ce, “Ba yadda za ka yi ya ɗan yi shuɗi?”

Na ce, “Kawu, kyamara na riƙe, ba marina ba.”

“Ka dai gwada ta wancan gefen.”

Na gwada ta wancan gefen. Taɓo ya kama ni har gwiwa, takalmina ɗaya yana can har yau. Ina fitowa da ƙafa ɗaya a takalmi sai na hangi wani dattijo masunci zaune a gindin giginya yana ɗinke komarsa, rana ta bugo gefen fuskarsa, zaren a bakinsa. Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san irin wannan ba ya zuwa sau biyu. Na ɗaga ke nan zan danna, sai ga Kawu ya ratsa gabana da sallama. Aka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina ruwa, ina iyali, yaya muka ji da wannan zamani. Daga nan ya zauna ya ba mutumin tarihin tsibiri tun daga zuwan jiragen ruwa.

Masuncin ya dubi 'yar sharar da ke jikinsa ya ce, “Hoto? A haka? Haba Malam. Ku jira ni.”

Mun fi awa guda muna jira. Ya dawo cikin babbar rigar Sallah da hula ƙube da takalmi sau-ciki, ya taho da ƙannensa biyu su ma an caɓa ado. Suka shiga kwalekwale suka jeru a tsaye, hannuwa a manne da cinya, fuska a ɗaure kamar an gurfanar da su gaban alƙali.

Kawu ya ɗaga murya daga bakin ruwa, “Ku yi dariya mana!”

Babban ya ce, “Dariyar me, Malam?”

Haka muka yi ta yi tun daga daminar nan har rani ya tsaga. Duk inda muka je labarin ɗaya ne. Maƙeran Unguwar Tudu da suka ji hoto ne, suka kashe wuta, suka yi wanka, suka tura uwar maƙera bayan ƙofa. A kasuwar Durun mata masu ƙosai suka ja mayafi suka rufe fuska, ɗaya ta ce in na sake ɗaga abin nan za ta watsa mini mai. Mahauci ya ɓoye wuƙa a baya ya tsaya kamar ɗan sanda. Kawu ba ya iya ganin mutum yana aikinsa ya ƙyale shi. Sai ya je ya gaishe shi, ya yi masa bayani, ya gyara masa hula, sannan ya juyo ya tambaye ni me ya sa mutanenmu ba sa sakin jiki kamar na littafi.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne maganar al'adu. A littafinsa kowane shafi da irin mutanensa. Mu kuwa nan kowa Musulmi, kowa Hausa a bakinsa, kowa tuwon dawa ya ci ya kwanta. Kawu ya zauna ya yi ta tunani, har ya tuna da Ibo mai kantin magani a bakin kasuwa. Mutumin ya fi shekara ashirin a Gwarzo, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari karin magana. Muka sa rana. Da muka je, sai ga shi ya fito cikin kaftani da hula, har da carbin ado a hannu wanda maƙwabcinsa ya ara masa. Kawu ya roƙe shi ya ɗaura zane irin na garinsu. Ya ce zanensa na ƙarshe matarsa ta yi tsumman goyo da shi tun haihuwar fari.

A hanyar gida Kawu ya waiwayo ya ce, “Saura Fulani. Sati mai zuwa Gude.”

Wanda aka kwatanta mana a Gude wani Alhaji ne, kakanninsa makiyaya, amma shi tun tasowarsa a gona yake. Gidansa rufin kwano, rumbuna huɗu a jere, shanun noma biyu a turke, sauran 'yan shanun suna bayan gari. Ya karɓe mu hannu biyu, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Sai da muka sha muka yi hamdala, Kawu ya gyara zama.

Ya ce, “Alhaji, alfarma muka zo nema. So muke ka sa malfa, ka ɗora sanda a kafaɗa, ka shiga cikin shanunka a ɗauke ka.”

Alhaji ya ajiye ludayi ya ce, “Sandar kakana kake nema? Tana nan, da ita ake tokare ƙofar rumbu. Malam, na je Makka, na yi rufin kwano, 'ya'yana biyu suna sakandare. Sai yau ka zo ka mayar da ni daji don Turawa su kalla?”

“Ba Turawa ba, Alhaji, duniya.”

“To duniya ta zo ta ga masarata. Bana ba wanda ya yi irinta a nan. Shanu kuwa ba a baje su ga idon mutane, kai ma ka sani.”

Kawu ya zaro littafi daga buhu don ya kafa hujja. Alhaji ya karɓa yana buɗawa a hankali, yana lasar yatsa, har ya kai wani shafi inda aka rataya wa saniya furanni a wuya, aka shafa mata jan abu a goshi, mutane sun kewaye ta. Ya tsura ido, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani, sai ya fashe da dariya har hularsa ta zame, yana bugun cinya yana cewa, “Amarya ce, wallahi amarya ce!” Kyamara na kan cinyata. Ban ɗaga ta ba, na karkata ta kawai na danna. Hayaniya ta rufe ƙarar.

Daga ranar na koyi sata. In Kawu ya tsunduma cikin bayani, sai in zame gefe in ɗauki abin da idona ya so. Na ɗauki maƙeri yana kwankwaɗar ruwa a moɗa, gumi na gangara a wuyansa. Na ɗauki wata tsohuwa tana sheƙar dawa, ƙaiƙayi ya yi mata rawani. Har tsohon ladanin unguwarmu na ɗauka yana hawa matakalar masallaci da buta a hannu, alhali duk gari an san bai yarda da hoto ba, ko na fasfon Hajji da ƙyar aka yi masa.

Hoto mai launi sai a Kano ake wanke shi. Fim biyu suka lalace a can, wai wuta ta ɗauke injin na tsaka da aiki, duk mutanen ciki suka fito kore shar kamar ganyen rama. Sauran na kawo na baje a tabarma a zauren Kawu. Ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗauki na masu kwalekwale ya ce, “Waɗannan ai gumaka ne. Ina rai a nan?”

Na miƙa masa na maƙeri.

Ya ce, “Wannan kuma tsumma ne a jikinsa. So kake a ce mu matsiyata ne?”

Na ce, “Kawu, in sun yi ado ka ce gumaka, in ba su yi ba ka ce tsumma. Wanne zan ɗauka?”

Ya ce, “Na tsakiya.”

Na tashi na fita waje na tsaya a jikin bango sai da zuciyata ta sauka, don in na buɗe baki a lokacin, sai an tara dangi an yi mana sulhu.

Duk da haka ya zaɓi kusan sittin ya tafi da su Kano wurin masu buga littattafai. Kwana biyu ya yi yana yawo. Duk inda ya nuna littafin tsibiri ya ce irinsa yake so, sai a yi murmushi a ce masa irin wannan takarda ta daina shigowa ƙasar, ko littafin makaranta ma da ƙyar ake bugawa. Ya dawo ya zuba hotunan a gwangwanin biskit ya tura ƙarƙashin gado. Ni kuwa na sayi ƙosai na raba wa yaran unguwa sadaka, ban faɗa wa kowa dalili ba.

Fiye da shekara goma gwangwanin nan yana ƙarƙashin gado. Kawu ya yi ritaya, idonsa ya fara rauni, ni na tara iyali, furfura ta fara leƙowa. Sai aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Da mu aka je aka yi kabbara, muka dawo muryoyi a dishe. Gari ya canza. Na cire hotunan 'yan fim da na liƙa a ƙofar shago, na sa matata ta riƙa zuwa tana gyara wa mata hijabi in za a yi musu fasfo. Wasu samari kuma suka fara cewa hoto gaba ɗayansa haramun ne, har wani ya tsaya a ƙofar shagona ya yi mini nasiha da ƙarfi yadda duk tasha za ta ji. Lallaɓa sana'ata nake yi kamar mai tafiya da ƙwai a aljihu.

A daidai wannan lokaci, ba kafinsa ba, ba bayansa ba, Kawu ya aiko a kira ni. Na tarar ya jawo gwangwanin ya kakkaɓe.

Ya ce, “Tunda littafi ya gagara, baje kolinsu za mu yi. Na yi magana da hedimastan firamare, ya ba mu aji ɗaya ranar raba kyaututtuka.”

Na ce, “Kawu, yanzu? Ba ka jin abin da ake faɗa a gari?”

“Yanzu ne ma ya dace. Kuma littafin tsibiri za a ajiye a tebur a tsakiya, mutane su gwada su gani.”

Na tuna masa cewa a littafin akwai mata a bakin teku waɗanda abin da ke jikinsu bai kai hankici ba, ga gumaka shafi-shafi. Bayan kwana biyu na koma na tarar da shi da kwalbar gam, ya manne duk shafukan da yake shakka biyu-biyu. Littafin ya kumbura ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Matan bakin teku sun tafi, gumaka sun tafi, coci ya tafi, har masu ganga ya haɗa da su don kada a ce kiɗa. Abin da ya rage teku ne da rake da masallaci.

Na ce, “To Kawu, ina al'adun da muka yi shekara muna nema?”

Ya ce, “Suna ciki. Rufewa na yi, ban yage ba.”

Ni na dage sai an fara nuna wa limamin unguwa kafin kowa. Mutum ne mai ilimi da sanyin hali, kuma ɗan tsohon ladanin nan ne, wanda a lokacin ya daɗe da rasuwa. Wallahi na manta da hoton mahaifinsa yana ciki. Liman ya zo zauren Kawu da la'asar tare da ɗalibansa biyu. Ɗaya daga cikinsu tun daga bakin ƙofa ya fara jawo hadisi a kan hoto, Liman ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya zauna yana ɗaukar hotunan yana ajiyewa, wani ya yi murmushi, wani ya girgiza kai. Can sai hannunsa ya tsaya. Na leƙa. Ga tsoho a kan matakala, buta a hannu, ƙafa ɗaya a sama.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Da izinin wa ka ɗauki wannan?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, ban nemi izini ba.”

“To ka yi laifi.” Ya share ido da gefen rawani. “Maganar hoto malamai sun yi saɓani a kanta, ba zan hana ku abin da ake da saɓani a kai ba. Amma ka ɗauki mutum bai sani ba, ka kafa shi a bango jama'a na kallo, wannan ba na jin akwai wanda zai ce ya yi kyau. Duk wanda ke cikin nan ku je ku nemi yardarsa. Wanda ya rasu ku tambayi magadansa. Mata kuma a tambaye su, a tambayi mazajensu.”

Ya buɗe aljihun gaba ya zura hoton mahaifinsa ya ce, “Wannan dai ban yarda ba.” Washegari ya aiko a tambaye ni ko zan iya wanko masa guda biyu, 'yan'uwansa mata sun gani suna ta kuka.

Haka na sake hawa babur, wannan karon ni a gaba Kawu a baya, gwangwani a tsakaninmu, muna bin gida-gida daga Unguwar Tudu har Gude. Daga baya yake ba ni umarni, in rage gudu, in kauce wa rami, ramin da sai mun wuce shi yake gani. Kuma duk gidan da muka shiga abu ɗaya ke faruwa. A gaisa, a kawo ruwa, in fito da hoto, a yi salati, a shiga da shi cikin gida. Sai mu ji guɗa ko kuka. Mu yi ta zama. Can maigida ya fito hannu wofi.

Kawu ya ce, “To, an yarda a kafa?”

Sai a ce, “Ai Malam, wannan a bar mana shi. Tsohuwar ba ta da wani hoto a duniya sai shi.”

Wa zai ce a shiga a ƙwato? Maƙerin ya rasu, 'ya'yansa suka riƙe nasa. Mai sheƙar dawa ta rasu, jikokinta suka riƙe. Alhajin Gude yana nan da ransa, ya tsufa, ya ga kansa baki buɗe hula a karkace, ya yi dariya har ya yi tari, ya ce a kafa, amma da sharaɗin in an gama a ba shi. Muka fita da kusan sittin, muka dawo da ashirin da 'yan kai, yawancinsu dam ne da kuka da duwatsu, sai masu kwalekwale da irinsu waɗanda suka yi ado suka ƙame, su kam ba wanda ya ƙi.

Kawu bai karaya ba. Ya riga ya yanka kwali ya rubuta bayanin kowane hoto da kyakkyawan rubutunsa na malaman da, har da na waɗanda aka riƙe. Ya ce duka za a kafa, in ya so a bar gurbin hoton. Ranar raba kyaututtuka na yi sammako na kafa su a bangon aji da ƙananan ƙusoshi. Sama da rabin bangon bayani ne a ƙarƙashin fili: “Maƙeri a bakin aikinsa, Unguwar Tudu,” sai farar ƙasa.

Jama'a suka cika ajin har taga. Kawu ya tsaya a gaban tebur, ya dafa littafinsa mai gam, ya fara jawabi. Ya juya wa bango baya yana fuskantar manyan baƙi, ni ina daga ƙofa ina ganin komai. Ƙanin masunci ya matsa jikin bango, ya dubi hagu ya dubi dama, ya zare nasu ya sa a riga. Ɗan Alhajin Gude ya ga haka ya ce ai dama an yi musu alkawari, ya cire na babansa. Wani ya cire hoton kuka wai a gonarsu take. Har dam aka ɗauke, ban san wanda ya gaje shi ba. Na yi ta yi wa Kawu alama da hannu, shi kuwa ya ɗauka cewa nake ya ƙara ɗaga murya. Ya yi kusan awa yana magana a kan yadda ƙaramar ƙasa ta san darajar kanta. Da ya juyo zai ce ga namu, hoto uku suka rage a bango, ɗaya ma na kore shar ɗin nan ne da na sa don cike gurbi.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya neme ni da ido har ya same ni, a gaban hedimasta da Liman da iyayen yara, ya ce, “Na faɗa maka ƙusoshin nan sun yi ƙanana.”

Bai taɓa faɗa mini ba. Na ce, “Haka ne, Kawu.”

Kwalayen bayanin sun yi wata guda a bangon, don ya hana a taɓa su, har hedimasta ya aiko da roƙo cewa yara na haddace su maimakon karatu. Ni aka tura in cire. Kawu ya zauna a bencin 'yan aji uku yana nuna mini da sanda wanda zan fara cirewa, yana gargaɗina kada in yage gefe. Na haɗa su na ɗaure da zare, muka hau babur.

Mun kusa kasuwa ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, “Na ji a rediyo wai an yi wata sabuwar kyamara da ba ta cin fim ko kaɗan. Ka bincika mana in ka shiga Kano.”

Na murɗa mai, injin ya yi ƙara, na ce, “Na'am? Ba na ji, Kawu.”

Ya bari sai da muka tsaya a ƙofar gida na kashe babur, ya sauka a hankali, ya gyara riga, ya maimaita mini daga farko.